Kan Baba Lafiyarsa Ƙalau

Assalamu alaikum. Ban taɓa rubuta labari ba sai yau, don haka in kun ga ina kewaye-kewaye ku yi min uzuri. Ni mai karanta na wasu ce, irin yarinyar da ake nema a wurin biki a same ta a bayan kujera da littafi. Na goge wannan sakin layin na sake rubutawa har na gaji. Ba tsoronku ba ne kaɗai ke damuna, har da haushi.

Sunana Lamis. Gidanmu yana Daly City, shagon Baba kuma yana cikin San Francisco, a kusurwar wani layi mai gangara. Tun kafin a haife ni yake wurin yana sayar da burodi, madara, sabulu, batir, da zaitun ɗin da wani ɗan'uwansa ke aiko masa daga Ramallah, garinmu na asali, wanda ba ya sayar wa kowa sai wanda ya ga dama.

In kuka tambayi Mama aikin da nake yi, amsarta ɗaya ce.

"Lamis? Launi take zaɓar wa waya."

Haka ta faɗa wa matan masallaci, haka ta faɗa wa likitan haƙorinta.

"Mama, ba launi ba ne."

"To mene ne?"

"Ina zama kusa da mutum, in ba shi manhaja ya yi amfani da ita, in yi shiru in ga inda zai maƙale. Sai mu je mu gyara wurin."

"Kallo kenan."

"Eh to, kusan."

"Kallo ake biyanki? Ni da nake kallon ubanki shekara da shekaru yana maƙalewa, wa ya biya ni?"

A ofis 'yan UX ake ce mana. Na daina faɗin wannan a gida tun ranar da Mama ta tambaya ko ciwo ne.

Yanzu bari in kawo muku Wisam, kuma zan yi masa adalci ko da raina a ɓace yake. Ɗan ƙawar Mama ne. Injiniya ne mai rubuta manhaja, dogo, mai ƙaramin gemu da yake gyarawa kamar da ma'auni, kullum cikin riga mai hula ruwan toka da farin takalmin da ban taɓa ganin datti a jikinsa ba. Ranar da aka fara haɗa mu a falonmu ban ce komai ba sai sannu. Da zai tafi ya leƙa littafin da na ɓoye a ƙarƙashin matashin kujera. Sati na zagayowa ya dawo ya karance shi, yana musu da ni a kan ƙarshensa. Shi ne namiji na farko da bai ce min "ke kin cika shiru" ba. To ku gaya min, ya ba zan so shi ba?

Ya bar babban kamfani ya buɗe nasa. Manhaja ya gina wa masu ƙananan shaguna irin Baba, don su riƙa odar kaya daga dila ta waya, ba sai sun kira ba. Yawancin masu amfani da ita mutanenmu ne, baffanni da kawunnan da ake haɗuwa da su ranar Juma'a. Da hannunsa ya saka wa Baba a waya, a kan teburin cin abincinmu, Mama tana ta ƙara masa shinkafa da kaza.

Bayan kwana biyu ya tambaya, "Ammo, ya ka ga abin?" Ammo muke ce wa duk wani sa'an uba.

Baba ya ce, "Masha Allah, ɗana. Ya yi kyau."

Me kuke so ya ce wa mai neman 'yarsa? Da guntun kwali Wisam ya miƙa masa ma masha Allah zai ce.

Wata Asabar na biya shago don in taya shi jera kaya. Ina buɗe ƙofa na ci karo da katan-katan na madara, an jibge su a tsakanin kantoci har sun tare hanyar firji. Firjin kansa ya cika, ƙofar ba ta rufuwa sosai.

"Baba, biki za a yi?"

"Dila ne ya yi kuskure." Bai ɗago ba.

Da na koma gida na tarar da Mama a kicin tana naɗe ganyen inabi. Ta tura ƙofa da ƙafa.

"Ba dila ba ne," ta ce. "Wancan satin ƙwai ne. Kafin nan burodi, har sai da ya kai masallaci aka raba. Yana yin oda ya manta ya yi, sai ya sake."

"Mama..."

"Haka kakanki ya fara. Ke yarinya ce, ba za ki tuna ba."

Na tuna. Na tuna Sido, mahaifin Baba, yana tsaye a tsakar falo yana tambayar Baba ko shi ɗan wane ne. Na tuna fuskar Baba a ranar.

"Na karɓar masa ranar ganin likita," in ji Mama. "Kuma mutumin nan da ya daɗe yana son shagon ya mai da shi gidan shan kofi, ubanki ya kira shi. Ya ce a bari a gama maganar aurenki, washegari sai ya sa hannu ya sayar masa. Ya ce gara ya fita da ƙafarsa kafin ya fara ba mutane canjin da ba daidai ba."

Sai a lokacin na haɗa abubuwan da na yi ta gani ban kula ba. Baba ya daina zolaya a teburi. Ya daina gardamar ƙwallo da maƙwabcinmu. Na taɓa jin sa a mota yana jero sunayen 'ya'yan kwastomominsa ƙasa-ƙasa, na ɗauka addu'a yake. Ashe kansa yake gwadawa.

Masu karatu, shagon nan ba wurin neman abinci ba ne kawai. Baba ba shi da wani wuri. Ba ya kamun kifi, ba ya zuwa yawo, hutun da ya taɓa yi mafi tsawo shi ne ranar da aka cire masa haƙori. In aka raba shi da kantar nan, zama zai yi a falo yana jiran abin da ya sami Sido ya zo ya same shi.

Washegari da safe na koma shagon. Na jawo kwandon lemo na kife na zauna kusa da shi.

"Baba, yi min odar wani abu ina kallo. Ko sabulu ne."

"Don me?"

"Aikina kenan. Ba kai nake gwadawa ba, wayar nake gwadawa."

Ya yi wata dariya da ba ta kai ido ba. "Haka likitan ma zai ce."

A aikinmu akwai doka ɗaya da ta fi kowace wuya. Ba ka taimako. Mutum yana fama a gabanka, kana ganin abin da ya kamata ya taɓa, sai ka zauna a kan hannunka. In ka nuna masa, ka ɓata komai, don gobe ba ka nan. Na yi wa baƙi wannan ba adadi, ban taɓa jin komai ba. Ban san yadda yake ba in mahaifinka ne.

Ya goge hannu a rigar aikinsa, ya sauko da tabarau daga goshi. Ya nemo sabulu ba wahala. Ya saka katan ɗaya. Ya danna wurin aikawa da babban yatsa.

Wani ɗan siririn rubutu ruwan toka ya bayyana a can ƙasa, daidai inda yatsansa ya rufe, ya ɓace kafin ƙiftawar ido. Ni na gan shi don na san irin wuraren da injiniyoyi ke ɓoye abu. Shi bai gani ba. Fuskar wayar ta tsaya yadda take, sabulun yana nan a kwando, madannin yana nan yana jira kamar ba a taɓa shi ba.

Ƙararrawar ƙofa ta yi ƙara. Wata tsohuwar kwastoma ce, Misis Delgado, da ɗan karenta.

"Abu Fadi, gwiwar nan ta hana ni barci." Haka ake kiran Baba, da sunan yayana Fadi.

"Ai na gaya miki ki daina hawa gangaren nan, ki aiko jikanki. Burodi mai ƙwaya ko? Da abincin wannan ɗan iskan." Ya miƙo mata duka biyun kafin ta buɗe baki, ya tambayi 'yarta da ke Sacramento da suna, ya tambayi ko an cire wa jikan filastar hannu.

Wannan ne mutumin da wai kansa ya taɓu.

Ta fita. Ya koma kan wayar. Sabulu na nan a kwando. Ya tsaya yana kallo.

"Na aika?"

Na zauna a kan hannuna.

"Lamis, na aika ko ban aika ba?"

"Kai me kake gani, Baba?" Abin da ake koya mana mu ce kenan. Wallahi ji na yi kamar in ciji harshena ya fita.

Ya dube ni. "Har ke ma?"

Ya sake dannawa.

Nan na karya dokar. Na karɓi wayar, na nuna masa komai, na danna a hankali ya ga rubutun da ke ɓuya a ƙarƙashin yatsa. Na ce masa tun farko ya aika, wayar ce ba ta gaya masa ba, kuma duk wanda aka katse shi da magana ya dawo ya ga kaya a kwando dole ya sake dannawa. Na ce kanka lafiyarsa ƙalau, Baba. Ina magana da sauri har ina sarƙewa, yadda nake yi in na ji tsoro.

Ya saurare ni har ƙarshe. Sannan ya shafa kaina.

"Allah ya yi miki albarka. Ke 'yata ce, dole ki ce haka."

"Ba don ni 'yarka ba ce."

"Wisam ya ce shaguna da yawa suna amfani da ita, ba wanda ya yi ƙorafi. Yaron nan ya yi karatu. Ni kaɗai ne, Lamis. Bar shi."

Ina fita na tsaya a bakin titi na rubuta wa Wisam.

Ni: Manhajarka ba ta nuna wa mutum cewa odarsa ta tafi.

Wisam: Tana nunawa mana. Akwai saƙo a ƙasa.

Ni: Yana ƙarƙashin yatsa kuma ba ya daɗewa.

Wisam: Ni ina ganinsa kullum.

Ni: Kai ka saka shi a wurin.

Wisam: Haha. Kin ci abinci?

Haha. Na daɗe ina kallon wannan hahar.

Da yamma muka haɗu a wani wurin shan shayi kusa da ofishinsa. Ya riga ya yi min odar wanda nake so, mai na'ana'a ba sukari. Irin waɗannan ƙananan abubuwan nasa ne ke sa fushi da shi yake da wahala. Na gaya masa duka, har da Sido, har da maganar sayar da shago.

Ya ajiye kofinsa. Da gaske ya damu, ba zan yi masa ƙarya ba.

"Subhanallah. Ban san abin ya kai haka ba. Zan yi ɗan bidiyo in koya wa manya yadda ake yi."

"Ba darasi suke buƙata ba. Sun san yadda ake sayen madara tun kafin a haife ka."

"Lamis, na tambaye su ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya ce ta yi kyau."

"Ka tambayi baffannin da suka riƙe ka kana jariri ko aikinka ya yi kyau. Me kake jira su ce? Ka taɓa zama a shagon ɗaya daga cikinsu ka yi shiru ka kalla?"

"Ba ni da wannan lokacin. Kuma ba wanda ya yi ƙorafi."

"Ba sa ƙorafi. Kansu suke zargi. Wasu sun koma kiran dila a ɓoye, in sun gan ka a masallaci su ce masha Allah."

Ya murza kofinsa. Ya yi murmushin da yake yi in yana so a bar magana.

"To ai shi ya sa nake buƙatarki. Bayan biki sai ki zo ki ƙawata mana ita. Shuɗin nan ma ni bai yi min ba."

Masu karatu, daga Mama na saba ji. Daga shi ban zata ba. Mutumin da ya karanta littafi sukutum don ya yi hira da ni, ashe duk tsawon lokacin nan mai fenti yake ɗaukata.

"Gyaran ba wuya," na ce. "Kai ma ka sani, yini ɗaya ya ishe ka. Ba shi nake roƙo ba. Ka je ka ce wa Baba laifin manhajar ne. Daga bakinka zai yarda."

"In na faɗa wa Ammo, Juma'a mai zuwa duk masallaci sun ji. Su ne kwastomomina gaba ɗaya. Zan gyara a hankali, ba sai an yi surutu ba."

"Washegarin neman aure, ranar Litinin, zai sa hannu."

"Lamis." Ya rage murya. "Ki duba shekarunsa. Ko ba manhaja, wataƙila hutun zai yi masa kyau."

Ban watsa masa shayin ba. Na so, amma ni irin mutanen nan ce da ke tuna amsar da ta dace sai sun isa gida. Na ɗauki jakata na ce sai an jima.

A gida Mama ko ta kaina ba ta bi ba. Lahadi mai zuwa dangin Wisam za su zo neman aure, ita kuma tana wanke labule, tana faɗa da mai kawo kunafa, kayan zaƙin biki, a waya, tana aron kujeru daga maƙwabta.

"Mama, Wisam ya ƙi gaya wa Baba gaskiya."

"Wace gaskiya? Ke dai kin fara. Yaro mai hankali, mai sallah, mai sana'a, za ki tsaya kina masa gardama a kan madanni? Kin san shekarunki? 'Yar Ummu Tarek da kuka yi makaranta tare cikinta na biyu take."

"Baba zai rasa shagonsa a banza."

"Ubanki ya gaji. Ke kuma in kika kore wannan, littattafan naki za su aure ki. Ɗaga ƙafa, ina shara."

Lahadi bayan la'asar suka zo. Na saka doguwar rigar kakata, baƙa mai jan ɗinkin hannu a ƙirji, mai nauyi, tana sosa min wuya. Mama ta jera min awarwaronta na zinariya har hannun ya yi min nauyi, ta zizara min kwalli ina ƙifta ido tana zagina. Mata muka taru a kicin, maza suka cika falo, takalma sun yi tsibi a bakin ƙofa.

Wanda ya jagorance su shi ne Abu Samer, yayan mahaifin Wisam. Tsohon mai harhaɗa magani ne, ya girmi Baba, kuma kowa ya san shi da abu ɗaya, ba ya mantuwa. Gaya masa sunanka, zai gaya maka kakan kakanka da gonar da suka yi rigima a kanta. A ɗaurin aure shi ake tambaya in an rasa wa ya haifi wa.

Yayana Fadi ya zagaya da gahawa. Kamar yadda aka saba, Abu Samer ya karɓi ɗan kofin ya ajiye a teburi bai kai baki ba, sauran ma suka ajiye. Ba za su sha ba sai uban yarinya ya amsa. Ya yi jawabinsa, ya yabi gidanmu tun daga Ramallah har Daly City, ya nemi Lamis 'yar Abu Fadi wa ɗansu Wisam. Baba ya ce sai ya ji daga bakin yarinya. Wannan ma al'ada ce kawai, uba ya leƙo kicin ya koma.

Ya leƙo. Kwat ɗinsa ta yi masa yawa a kafaɗa. Ban lura ya rame haka ba sai a ranar.

"To, 'yata?"

Matan duk sun zuba min ido, wata har ta shirya guɗa.

"Ba ni wayarka, Baba."

Na buɗe manhajar na mayar masa.

"Ka ba Abu Samer. Ka ce ya yi maka odar katan ɗaya na madara. Kada kowa ya taimaka masa."

Mama ta damƙi hannuna har awarwaro ya shige min fata. "Za ki kashe ni yau," ta ce ta cikin haƙora. "A gaban mutane?"

"Wannan ba tarbiyya ba ce, Lamis," in ji Baba. "Baƙonmu ne."

"In ya yi daidai, ka sayar da shagon, ka ce su sha gahawarsu, ba za ka ƙara jin bakina ba. In bai yi ba, ka gaya min ko shi ma kansa ya taɓu."

Ya daɗe yana kallona. Ban san me ya gani ba. Wataƙila bai taɓa jin na yi magana mai tsawon haka a gaban mutane ba. Ya juya ya fita.

Na manna ido a tsagar ƙofa. A lokacin ne tsoro ya kama ni sosai. Idan tsohon ya ga rubutun fa? Idan yatsansa siriri ne? Na ɗora shagon Baba da aurena a kan yatsan mutumin da ban taɓa kallo yana riƙe waya ba. A ofis da na yi haka da an kore ni.

Baba ya fi ni iya magana. Ya zauna ya ce, "Abu Samer, kafin gahawa, ina so ka ga aikin ɗanka da idonka. Taimaka ka sayo min katan ɗaya na madara a nan."

Maza suka yi dariya. Abu Samer ya ji daɗi, ya gyara zama, ya ciro tabarau. Wisam yana can gefe cikin kwat ruwan toka. Murmushinsa ya tsaya a fuskarsa bai motsa ba.

Tsohon ya nemo madara. Ya danna. Ya jira. Ya matso da wayar kusa da ido, ya nisanta ta. Ya sake dannawa.

Wisam ya sunkuyo. "Ammo, ai ya riga ya..."

"Bar shi, ɗana," in ji Baba a hankali. "Yi shiru."

Wani daga baya ya ce, "Abu Samer, ko a kira maka jikanka?" Ya juya ya ba shi amsa, ya ce shi da ya riƙe sunayen magunguna dubu ba madara ce za ta gagare shi ba. Ya dawo kan wayar, ya ga madara tana nan a kwando. Ya ɗaure fuska. Ya danna. Ya ƙara dannawa da ƙarfi, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar da aka ƙi buɗewa.

"Wai ya tafi ko bai tafi ba?"

Baba bai dubi kowa ba sai Wisam.

"Duba mana, ɗana. Katan nawa ya saya?"

Wisam ya karɓi wayar. Kunnuwansa sun yi ja. Ya shiga wani wuri can ciki da shi kaɗai ya san hanyarsa.

"Huɗu," ya ce.

"Ni?" in ji Abu Samer. "Ɗaya aka ce min, ɗaya na saya. Abin naka ne ba ya amsawa, Wisam. Mutum ya yi sallama a yi masa shiru, ai dole ya sake."

Wani kawu mai shago a Oakland ya yi gyaran murya ya ce shi ma ƙwai ya taɓa zuwar masa ninki biyu, ya ɗauka matarsa ce. Wani ya ce shi tun azumi ya koma kiran dila. Magana ta ɓarke, kowa da nasa.

Ni Baba nake kallo. Ya cire tabarau, ya goge da gefen kwat, ya daɗe yana gogewa. Da ya mayar, sai na ga kafaɗunsa sun sauko, kamar wanda ya sauke buhu.

"Jama'a," ya ce, "gobe da sassafe ina shago, jibi ma haka. Duk mai son madara ya biyo, Abu Samer ya saya muku."

Dariya ta cika falon, har da Abu Samer. Mama ta saki hannuna. Na ji ta tana jan hanci a bayana, amma ba ta fasa ce min mara kunya ba.

Wisam bai yi dariya ba. Kansa yana ƙasa. Wayata ta yi motsi a aljihun rigar.

Wisam: A gaban baffana, Lamis?

Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace. Ta sake fitowa, ta ɓace.

Na so in ji tausayinsa, kuma na ji, kaɗan. Amma na tuna Baba a mota yana jero sunayen yara, sai tausayin ya ƙone. Har zuwa wannan lokacin, mutumin da ya san gaskiya tun a wurin shan shayi bai buɗe baki ya faɗa ba. Baffansa ne ya faɗa wa Baba a madadinsa.

Baba ya sake leƙowa kicin. Idonsa ya yi ja, amma tsayuwarsa ta dawo irin ta bayan kanta.

"Gahawarsu ta huce, 'yata. Me zan ce musu?"

"A ɗora wata, Baba."

"Lamis," in ji Mama.

"A ɗora wata. Kafin ta tafasa ina so in ji ko zai zo ya gaya maka da bakinsa cewa ba kai ba ne."

Ban yi ƙasa da murya ba. Ƙofar a buɗe take, kuma duk falon ya ji.

Sai muka ji an ja kujera. Takun ƙafa ba ya ƙara a kan kafet ɗin Mama, amma na san tafiyar Wisam. Ya shigo siririyar hanyar da ta fito daga falo, wadda in ka yi dama kicin ne, in ka yi hagu ƙofar fita.

Fadi ya kunna wuta a ƙarƙashin tukunyar gahawa. Takun ya iso mararrabar ya tsaya.